Abin da Mama Ta Bari a Firiza

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya, ke da marasa lafiyan da kike jinya a asibitin naku. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwa ce ta saka ni gaba, sai kunnen nan da kika sani. Kada ki ce me ya hana ni kiranki a waya. In na kara abin nan a kunne "na'am, na'am" kawai nake yi kamar na gane, alhali ko rabi ban ji ba. Gara takarda, ita ba ta katse ni.

Gida yana nan yadda kika bar shi bayan rasuwar mamanki. Ina share ɗakinta, ina buɗe tagogi ya sha iska.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, wakilin kamfanin inshora ya zo sabunta takardar gidan, wadda babanki ya fara tun yana da rai. Wani dogo ne mai tsabtar tsiya, har maɓallin wuya ya ɓalla. Ya zagaya ko'ina, ya leƙa sito na bayan kicin, sai ya yi arba da tsohuwar firizar nan mai murfi a sama. Ya tsuguna ya taɓa bayanta, ya janye hannu da sauri, ya ce, "Hajiya, ai wannan ta girme ni." Na ce masa ni ma na girme shi, kuma ba a jefar da ni ba tukuna. Bai yi dariya ba.

Ya nuna mini wayarta, robar duk ta tsattsage. Ya ce in gobara ta tashi daga jikinta, kamfani ba zai biya ko ƙusa ba, kuma ba za su sabunta mana ba sai an fitar da ita kafin wata ya ƙare, an kai musu shaidar inda ta tafi. Na ce to in ta mutu abincin ciki ya lalace fa? Ya ce wannan tanadin na sababbi ne, tamu ta wuce shekarun.

Na bincika yadda ake rabuwa da irinta. Masu sayen tsohon ƙarfe suna so, amma farfasa ta za su yi a bakin titi iskar gas ɗin ta fita, kuma ba su da shaidar da za su ba mu. Kantin kayan wuta za su ɗauka, amma sai an sayi sabuwa a wurinsu, ni kaɗai kuwa me zan zuba a sabuwa? Mai ƙanƙara na ƙarshen layi ya ce a bar masa, na ce ba zan kwashe gobara daga gidanmu in kai masa ba. Saura masu kwashe kaya na hukumar tsabtar gari. Su suna zuƙe gas ɗin, suna ba da shaida, amma sai an kwashe abin ciki, ƙanƙarar ta narke, an cire murfin saboda yara.

Ban taɓa buɗe ta ba. Da na zo jinya mamanki ta ce cefanen yau da kullum yana ƙaramin firiji, ta sito kuwa in bar mata kayanta. Akwai kaya a ciki har yanzu. Akwai kuma wata magana a kanta, amma bari in tabbatar ba tsufa ne yake wasa da ni ba.

Ke ce mai gida. Ni 'yar'uwar babanki ce ta nesa, a kakanni muka haɗu, gadi kawai nake yi. Ki faɗi yadda za a yi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na ji daɗin ganin rubutunki. Lafiyata lau, gajiya ce kawai, an rage mana ma'aikata a ɗakin haihuwa, tsaye muke cin abinci. Gwiwar nan ki riƙa ɗora mata tawul mai ɗumi, kuma ki daina tsugunno wajen wanke-wanke, na san ki.

Maganar firiza ba abin dogon tunani ba ne. Mutumin inshora ya yi gaskiya. Na ga waɗanda ake kawo mana asibiti bayan gobara, Gwaggo, ba na so in tuna. Kina kwana ke kaɗai a gidan, ga ƙafa ba sauri. Gidan nan shi kaɗai ne abin da ya rage mana, ke kuma kin fi gidan.

Firizar nan tun ina makarantar firamare take gurnani. A kanta nake zama in yi aikin gida, cinyoyina su yi sanyi. Ta yi aikinta, a sallame ta. Masu kwashewa na hukuma su ne daidai, zan nemi lambarsu daga nan in shirya komai, ke dai ki cire ta daga soket ki bar murfin a buɗe. Kayan ciki ai tsohon nama ne da su kifi, kin san Mama da ajiya, ko ledar burodi ba ta yarwa. A zubar, kada ki ba kowa, ba mu san shekarunsa ba.

Wace magana ce kuma kika rataye ni da ita? Gwaggo ke nan, sai kin ja rai ko a takarda.

Ina so in zo, amma ba wannan watan ba.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Tawul ɗin ya ɗan taimaka, na gode, likitar da ba ta zuwa duba mara lafiyarta.

Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kin tuna firizar nan tana da hali? Tana cikin gurnani sai ta yi shiru, injin ya ƙi tashi. Mamanki sai ta je ta ɗaɗa mata tafin hannu a gefen hagu, ta ci gaba. Wurin har fentin ya goge, ƙarfen ya yi sheƙi. Ko da ciwo ya ci ƙarfinta, in ta ji shirun sai ta dafa bango ta tafi sito. Na sha yi mata faɗa. Sai ta ce, "Ke ba ki san hannunta ba."

To, tun bayan rasuwa ban taɓa bugun firizar nan ba, ko sau ɗaya. Amma tana tsayawa, kuma ana buga ta.

Na san abin da za ki ce: wadda ba ta jin waya ce za ta ji bugu a sito? Ba da kunne nake ji ba. A tafin ƙafa nake ji. In ina zaune a kicin, gurnanin yana bin siminti ya zo mini. Sai ya ɗauke. Sai in ji dum, ya dawo. Da rana tsaka ake yi, ƙofar gida a kulle, ba kowa sai ni. Ranar farko na ɗauka kyanwa ce ta faɗo daga kanta. Na je na tarar da sito yadda yake, buhun gawayi, tsohon keken ɗinkina, ba ko ɓera. Na yi addu'o'in da na sani. Ba tsoro ne ya fi damuna ba, Auta, kewarta ce ta kama ni.

Duk da haka na bi umarninki. Na ɗaga murfin don in kwashe kafin in cire soket. Ba nama ba ne. Robobi ne masu murfi, dafaffiyar miya, an jera su kan juna har kusan baki, ƙanƙara ta haɗe na ƙasa sun zama abu guda. Na ɓamɓaro ɗaya daga cikin na sama na ɗumama, don in san abin da zan zubar. Miyar kaza ce, hannun mamanki sak. Na kai baki, sai na ji babu yaji. Ko ƙwaya. Na ɓamɓaro wata daga gefe, ita ma haka.

Mamanki da ke cin barkono har gumi ya jiƙa mata ɗankwali, wa za ta dafa wa miya babu yaji? Mutum ɗaya ne a zuriyar nan cikinsa ba ya ɗaukar yaji tun yana yaro.

Na je wajen mai ƙanƙara, don na ga guntayen irin ƙanƙararsa cushe a tsakanin robobin. Ya ce, "Ai duk ranar da aka ɗauke wuta sai ta aiko a kai mata, ko ta zo da kanta. Cewa take abincin Auta ne, kada ya narke." Ya ce in ya gan ta ta dawo daga kasuwa da kaji a hannu, ya san kin ce kina tafe. In kwana biyu suka wuce bai ga baƙuwa ba, ba ya tambaya.

Kin gane ke nan. Duk zuwan da aka ɗaga yana cikin firizar nan, na bara a ƙarƙashin na bana. Ta sama ita ce ta hutun ƙarshen shekara, wanda aka hana ki, kafin ta kwanta.

Na mayar da murfin. Ban cire soket ba, kuma ba zan cire ba sai na ji daga bakinki bayan kin san wannan.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, ina fatan gwiwa da sauƙi. Na ji shiru daga wajenki, na ce ko direban da ke kawo mini takardunki ne bai yi lodi ba.

Na gama da masu kwashewa. Za su zo ranar Laraba da hantsi, da motarsu da mai cire murfi, ba sai kin wahala ba. Ki karɓi shaidar ki kai wa mutumin inshora da kanki, kada ki aika. Ina fatan kin riga kin zubar da tarkacen ciki kin wanke, don sun ce ba sa ɗaukar mai wari.

Wallahi har na ji sauƙi a raina. In aka fitar da ita, sito zai yi fili, ki mayar da keken ɗinkinki kusa da taga.

Ki rubuto da zarar sun tafi.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau nake, tunda dole a fara da haka.

Takardarki ta iso ana gobe Laraba. Na karanta "tarkacen ciki" na ajiye ta, na fita tsakar gida na zagaya, na dawo. Daga baya na lissafa na ga tawa ba ta kai gare ki ba lokacin da kika rubuta, sai zuciyata ta ɗan sauka. Amma ba ta sauka duka ba.

Sun zo da hantsi kamar yadda kika ce, mutum biyu da amalanken ƙarfe. Babbansu ya shiga sito, ya ji firizar tana aiki, ya ce, "Hajiya, ai ba a kashe ba." Na ce ba a kashe ba. Ya ce to a kashe yanzu su dawo gobe. Na ce mai abincin ba ta zo ba. Ya dubi ɗan'uwansa irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. Muna cikin haka ta yi shiru. Ni na san abin da ke tafe, na zuba musu ido. Aka buga, ta tashi. Ƙaramin ya ce injin ne, in ya tsufa haka yake harbawa. Wataƙila. Amma na ga babban ya matsa daga gefen hagu, kuma da za su fita bai juya mata baya ba.

Wata ya ƙare jiya. Wakilin inshora ya dawo, na ba shi ruwa, na gaya masa gaskiya. Ya ce daga yau gidan ba ya ƙarƙashinsu, sai ranar da aka kai shaida. Ya ce, "Saboda miya, Hajiya?" Na ce saboda miya.

Na san abin da na yi. Gidanki ne na jefa cikin haɗari, ba nawa ba. Na naɗe wayar da salatif na masu gyaran wuta, na fitar da gawayi da keken ɗinki daga sito, na ajiye bokitin yashi a ƙofa. Ba na zuwa ko'ina sai in dole.

Amma ki sani, ba ta da sauran kwana mai yawa. Da can sau ɗaya take tsayawa a yini, yanzu ba na iya lissafawa. Shirun yana ƙara tsawo kafin a buga, bugun kuma ya rage ƙarfi. Haka hannun mamanki ya yi a ƙarshe, in ta dafa ni da kyar nake ji. Ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa, ina goge shi da tsumma.

Ba zan ce miki ki zo ba. Mamanki ma ba ta taɓa cewa ba, kullum "aiki ne, Allah ya taimaka" take ce miki. Ni dai ba ni da haƙurinta, shi ya sa na faɗa miki abin da ke cikin firizar.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Takardunki biyu tare suka zo. Motar direban ce ta lalace, takardar farkon ta yi ta kwana a aljihun ƙofar motar. A ɗakin canza kaya na karanta su, ban iya komawa bakin aiki ba sai da wata ta riƙe mini.

Kullum in na ce wa Mama an fasa zuwana, dariya take yi ta ce dama ba ta shirya komai ba. Ni kuma na yarda, Gwaggo. Na yarda saboda yardar ta fi mini sauƙi.

Na shiga ofishin shugabarmu na ce zan tafi gida. Ta ce babu mai riƙe wurina. Na ce to wurin zai jira, na ga abin da jira yake yi. Zan taso da motar Asabar.

Ba na so in yi miki gardama a kan bugun. A asibiti an koya mana kowane sauti yana da dalili. Amma jiya na sa hannu a gefen firijin magunguna, na tsaya ina jin gurnaninsa har aka tambaye ni ko lafiya.

Don Allah kada ki kwana da ƙofar ɗakinki a kulle, kuma in kin ji ƙauri ki fita, ki bar komai, har da ita. Ki ce mata ina hanya. Ban san wa nake nufi ba, ke dai ki faɗa a sito.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka lafiya, kuma shugabar taku ba ta haɗiye ki ba. Gwiwa tana nan, ta gaishe ki.

Akwai abin da ban iya faɗa miki kina nan ba. Ranar da kika iso, kika ajiye jaka kika wuce sito ko takalmi ba ki cire ba, kin tuna firizar ta yi shiru muna tsaye? Na jira bugun. Ƙafata tana kan siminti, na jira har na fara jin bugun zuciyata. Ba a buga ba. Tun rasuwa ba a taɓa barin ta haka ba. Sai na ga kin matsa kin ɗora tafinki a wurin da fentin ya goge, ya zauna cif, kika buga ta tashi. Ke kin ɗauka na fita ne in ɗora tukunya. Bayan gida na zagaya na yi kukana.

Na ji daɗi da kika ci miyar saman nan, kika suɗe kwano kamar yarinya, kina cewa gishiri ya ɗan yi yawa, dama ita haka take in tana sauri. Na ƙasan kuwa kin yi gaskiya, ba sa ciwuwa, kuma gara da muka haƙa rami muka rufe maimakon mu zuba a kwata. Amma ganin ki kina wanke robobin nan ɗaya bayan ɗaya, kin hana ni taɓawa, kin kife su a tsakar gida har sun kai bakin ƙofa, wannan ba zai bar idona ba. Kuma da kika ce ke za ki cire soket ɗin da hannunki, na gode miki a raina, don ni da ba zan iya ba.

Masu kwashewa sun dawo bayan tafiyarki. Babban nan ya tambaya ko mai abincin ta zo, na ce ta zo ta ci. Ya ce madalla, ya cire murfin a hankali kamar mai gudun tashin wani daga barci. Sun ba ni shaida, na kai wa dogon nan na inshora da kaina. Ya buga hatimi, gida ya koma ƙarƙashinsu, har murmushi ya yi, ashe yana da haƙora.

Inda firizar ta zauna ya bar alama a siminti, wurin ya fi sauran haske. Na mayar da keken ɗinki kusa da taga kamar yadda kika ce, amma ban ɗora komai a kan alamar ba. In na zauna a kicin nakan cire takalmi in sa ƙafa a ƙasa. Babu komai. Da can ina addu'ar abin ya daina, yanzu ya daina, gidan ya yi mini girma.

Shekaranjiya na sayo kaza na yi miya. Sai da na zauna ci na ji ban sa yaji ba, ga barkonon a turmi na daka na manta. Na yi wa kaina dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Ta yi mini yawa, ƙaramin firiji kuma ba ya riƙe abu ya wuce kwana kaɗan, sai na raba wa mai ƙanƙara da iyalinsa.

Kin ce za ki dawo hutu mai zuwa. To. Robobin mamanki suna nan a wanke, zan yi cefane, zan dafa babu yaji. Amma ki tuna babu firiza a gidan nan yanzu, Auta. Abin da na dafa ba zai iya jiranki ba, ni ma haka.

Gwaggonki